Mai ɗaki da yoyonsa: Kate Lorig da aikin da majinyaci ke yi bayan ya bar asibiti

Ranar da na raka gwaggona ganin likitan suga, mun bar gida ana idar da sallar asuba. Muka karɓi kati, muka zauna a benci har rana ta take. Da aka kira sunanta na duba agogo, da muka fito na sake dubawa: minti shida. A cikinsu likita ya duba takardar gwajin jini, ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, sugan nan ya hau. A rage tuwo, a bar sukari a shayi, a riƙa ɗan tattaki." Ta ce, "To likita, Allah ya saka da alheri." Kafin ya gama rubuta magani na bayanmu har ya turo ƙofa.

Ban ga laifinsa ba, jama'ar da ke jiransa a waje ta cika baranda. Amma muna cikin a-daidaita-sahu gwaggo ta juyo ta ce da ni, "Kai ɗan nan, in na rage tuwo me zan ci? Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan nan." Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan a ranar, kuma ni da ban san komai a kan suga ba aka yi wa ita.

Shekara tana da awa 8,760. Idan gwaggo ta ga likita sau huɗu a shekara, minti shida-shida, ko rabin awa ba ta cika ba. Sauran lokacin duk ita ke yanke hukunci: ta sha ƙwayar ko ta ajiye saboda ta kusa ƙarewa, ta ci abincin biki ko ta ɓata wa maƙwabciya rai, jirin nan na yunwa ne ko na ciwo. Akwai wata malamar jami'a a Amurka da ta shafe fiye da shekara arba'in tana nazarin waɗannan awanni da babu likita a cikinsu. Sunanta Kate Lorig, wadda ta yi aikin farfesa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya.

Kafin ta zama nas, kafin ta zama farfesa, majinyaciya ce. An haife ta da cutar Gaucher, wadda ta samo sunanta daga likitan Faransa da ya fara bayaninta a 1882. Jikin mai ita ba ya samar da isasshen wani sinadari da ke narkar da wani nau'in kitse, sai kitsen ya taru a saifa da hanta da ɓargo. Saifa ta kumbura, jini ya yi ƙaranci, ƙashi ya riƙa ciwo. Gadonta irin na sikila ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita kafin ta bayyana a jikin ɗa. Maganin da ke maye gurbin sinadarin bai samu amincewar hukuma a Amurka ba sai 1991, wato ta yi ƙuruciya da karatu da shekarun farko na aiki tana lallaɓa cutar da babu maganinta. Wanda ya tashi haka ya san abin da ake nufi da zama da ciwo, ba a littafi ya karanta ba.

Ta karanta aikin jinya a Jami'ar Boston, ta yi aikin sa-kai a ƙasar Chile a shekarun 1960, daga baya ta yi digirin digirgir kan lafiyar al'umma a Berkeley. Tana cikin wannan karatun ne, a 1979, ta je Stanford domin ta tsara wa masu amosanin gaɓɓai wani shirin koyarwa, tare da likita Halsted Holman. Shi Holman ya daɗe da ganin cewa an gina asibiti ne domin ciwon da ke zuwa ya tafi. Mutum ya karye, ko zazzaɓi ya kayar da shi, likita ya san abin yi, majinyaci ya bi umarni, a warke a rabu. Ciwon da ya zo zama kuwa, irin su suga da hawan jini da asma da amosani, lissafinsa daban ne. Likita ya san cutar, amma yadda take zaune a jikin wannan mutumin da gidansa da aljihunsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na farko da Lorig ta yi yana da sauƙi har mutum zai yi mamakin ba a saba yin sa ba: ta tambayi masu ciwon abin da ya fi damunsu. Ƙwararru sun fi son su yi bayanin gaɓa da kumburi da sunayen magunguna. Masu ciwon suka ce zogi ne damuwarsu. Sai ta jingina komai a kan zogin. Motsa jiki ya zama hanyar rage zogi, sassauta jiki da numfashi haka, har rage ƙiba haka. Darasin bai canja ba, ƙofar shigarsa ce ta koma inda mutanen suke tsaye.

Na biyu, ta miƙa koyarwar ga mutanen gari, galibi masu ciwon su kansu, bayan an horar da su an ba su tsarin da za su bi. Da aka gwada ajin da ƙwararru suka koyar da wanda 'yan gari suka koyar, ɗaliban ƙwararrun sun fi samun ilimin cutar, amma hakan bai sa sun fi samun sauƙi a jiki ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa a tsaya a yi tunani.

Inda labarin ya fi burge ni shi ne inda lissafinta ya ƙi fita. Duk fannin wayar da kai kan lafiya a wancan zamani yana tafiya ne a kan zato ɗaya: ka ba mutum ilimi, ya canja hali, lafiyarsa ta gyaru. Da sakamakon ajin amosani ya fito, mutane sun ƙaru da ilimi, sun ƙara motsa jiki, zogi kuma ya ragu. Kowa zai ce shi ke nan, zato ya tabbata. Amma da aka bi mutum ɗaya-ɗaya, sai aka ga waɗanda suka fi canja hali ba lallai su ne suka fi samun sauƙi ba. Alaƙar da ke tsakanin biyun raunanna ce ƙwarai. Wani malamin zai bar kaza cikin gashinta, tunda shiri yana aiki kuma masu ba da kuɗi sun gamsu. Ita da abokan aikinta suka wallafa shi a 1989, suka faɗa ƙarara cewa canjin hali bai isa ya bayyana amfanin da ake gani ba.

Da suka koma suka tambayi ɗaliban, waɗanda suka samu sauƙi sun fi maimaita magana guda: yanzu suna jin akwai abin da ke hannunsu game da ciwon. Aka yi sa'a, a cikin jami'ar akwai Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam da a 1977 ya fito da bayani kan amannar mutum cewa zai iya aikata wani takamaiman abu. Bandura ya yi gwaje-gwajensa da masu tsananin tsoron maciji. Ya ga wa'azi ba ya cire tsoron sosai. Abin da ke cire shi shi ne mutum ya ga wani irinsa ya matsa kusa da macijin, shi ma ya matsa taku ɗaya ya ga bai mutu ba, gobe ya ƙara. Lorig ta sake gina ajinta a kan wannan.

Ga yadda abin yake a aikace. Mutum goma sha wani abu ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako, awa biyu da rabi, na tsawon mako shida, a ɗakin taron unguwa ko coci ko ɗakin karatu, jagorori biyu a gaba. Kafin a tashi, kowa zai ɗauki alkawarin mako. Sharaɗin farko, ya zama abin da shi yake so, ba abin da likita ko 'ya'yansa suke so ba. Idan wata ta ce, "Zan riƙa motsa jiki," jagora ba zai karɓa ba. Wane motsi? Tafiya. Har ina? Zuwa bakin titi da dawowa. Yaushe? Bayan karin kumallo. Kwana nawa? Kullum. Daga nan sai tambayar da ita ce zuciyar shirin: daga sifili zuwa 10, nawa ne tabbacinki cewa za ki cika? In ta ce 5, ba a yi mata faɗa, ba a kuma ƙarfafa ta da daɗin baki. Alkawarin ake ragewa. Kwana uku fa? Ta ce 8. To an tsaya a nan, domin ƙa'idar ita ce 7 ko sama. Mako mai zuwa ta dawo ta ba da labari a gaban 'yan uwanta. In ta cika, ta ɗanɗana nasara. In ba ta cika ba, a tambayi abin da ya hana, sauran su kawo dabaru, ita ta zaɓa.

Mutum zai iya raina tafiya zuwa bakin titi. Amma wanda ya yi shekara biyar kullum ana gaya masa abin da ya kasa, ranar da ya faɗi abu da bakinsa ya kuma cika shi ba ƙaramar rana ba ce. Da aka bi ɗaliban ajin amosani har shekara huɗu, rahoton 1993 ya nuna zogi ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, zuwa ganin likita ya ragu da kusan kashi 40, alhali naƙasar jiki ta ƙaru da kashi 9. A lura da wannan na ƙarshe. Cutar ba ta tsaya ba, ta ci gaba da cin gaɓɓai. Zaman da ake yi da ita ne ya canja.

Daga nan ta yi wani ƙarfin hali: ta haɗa masu cututtuka daban-daban a aji ɗaya. Hujjarta ita ce mai ciwon zuciya da mai ciwon huhu da wanda ɓarin jikinsa ya shanye duk aiki iri ɗaya ke gabansu. Masu bincike Juliet Corbin da Anselm Strauss sun riga sun kasa aikin gida uku: kula da magani da abinci, riƙe matsayinka na uwa ko miji ko ma'aikaci duk da ciwon, da kuma jure fushi da tsoro da baƙin cikin da yake kawowa. Asibiti na farkon kaɗai yake gani. A 1999 aka wallafa gwajin da aka yi da mutum 952, aka raba su da ƙuri'a, wasu suka shiga aji wasu suka jira. Bayan wata shida, 'yan ajin sun fi motsa jiki, sun fi iya magana da likita, gajiya da damuwa sun ragu, kwanakin kwanciya a asibiti ma sun ragu. Zogi da sarƙewar numfashi kuwa ba a ga bambanci ba.

Maganar raguwar kwanciya a asibiti ita ce ta shiga kunnen gwamnatoci, kuma daga nan ne matsala ta fara. A 2001 ma'aikatar lafiya ta Ingila, lokacin Liam Donaldson yana babban jami'in lafiya, ta fitar da shirin da ta kira na ƙwararren majinyaci, aka fara shi a 2002 bisa tsarin Stanford. Sunan ma bai yi wa likitoci da yawa daɗi ba, har mujallar likitoci ta BMJ ta buga sharhi a 2004 tana tambaya ko ƙwararren majinyaci kyakkyawan mafarki ne ko mummuna. Abin da suke hangowa shi ne mutumin da zai shigo da tarin takardun da ya zazzago daga intanet ya cinye musu lokaci da gardama.

Da aka zo awo, sai labari ya sha bamban da alkawarin da 'yan siyasa suka yi. Masu bincike daga Jami'ar Manchester, Anne Kennedy da Anne Rogers da abokan aikinsu, sun gwada shirin da mutum 629, suka wallafa a 2007. Amanna da kai ta ƙaru, kuzari ya ƙaru, amma zuwa asibiti bai ragu ba. A gabashin Landan an gwada shi da 'yan asalin Bangaladash 476, da harshensu, sakamako kusan iri ɗaya. A shekarar 2007 ɗin ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya na duniya, ta tattara gwaje-gwaje 17 da suka ƙunshi mutum 7,442, ta ce amfanin yana nan amma ƙarami ne, na ɗan lokaci, kuma babu hujjar cewa yana rage zuwa ganin likita. Masu suka irin su Trisha Greenhalgh, likita kuma mai bincike a Ingila, suka ƙara da wani abu mai nauyi: shirin yana kallon mutum shi kaɗai, alhali ciwo yana zaune ne a cikin gida da unguwa da talauci. Kuma waɗanda suka fi zuwa ajin su ne masu ɗan ilimi da sukuni, waɗanda dama sun fi iya tafiyar da ciwonsu.

A ganina sukar gaskiya ce, amma rabin laifin na waɗanda suka sayi shirin ne. Sun saye shi a matsayin maganin cunkoson asibiti, suka auna shi da wannan mudun, ya gaza. Ingila kuma ba Amurka ba ce. Inda ganin likita kyauta ne kuma kowa yana da likitan unguwarsa, dalilan da ke kai mutum asibiti daban ne. Sannan mutumin da ya koyi tsayawa kan lafiyarsa yana iya ƙara zuwa asibiti ma, domin yanzu ya san alamar da bai kamata a zauna da ita a gida ba. Shin wannan gazawa ce? Duk da haka shirin bai mutu ba. An mayar da shi harshen Sifaniyanci da al'adun abincin masu jin harshen, an gwada shi a Shanghai, a 2010 gwamnatin Amurka ta raba dala miliyan 27 ga jihohi domin yaɗa shi ga tsofaffi. Lorig kanta, bayan ta yi ritaya daga Stanford, ta ci gaba da aikin a wata cibiya mai zaman kanta da ita da abokan aikinta suka kafa.

Da na karanta duk wannan sai na koma kan gwaggo, na ga abu ɗaya da ya bambanta mu. A can, gwagwarmayar ita ce a bar majinyaci ya sa hannu a jinyarsa. A nan hannunsa ya daɗe a ciki har gwiwa. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya sani: kai za ka sayo safar hannu da allura da ruwan ƙari, kai za ka nemo mai ba da jini, kai za ka kai samfur ɗakin gwaji ka karɓo sakamako, matarka ko ƙanwarka ta kwana a tabarma gefen gado tana juya mara lafiya. Wahalar an bar mana ita tuntuni. Bakin magana ne ba a ba mu ba. Mun tashi da tarbiyyar cewa ba a yi wa babba tambaya, likita kuwa babba ne ko da sa'an jikanka ne. Shi ya sa "To likita" take rufe kowace ganawa, ko an gane ko ba a gane ba, sai a fita a tambayi mai kemis.

Saboda haka nake tsoron ranar da wani jami'i zai ji labarin Lorig ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Cewa mutum ya kula da kansa alhali ba shi da kuɗin insulin, ba shi da wutar da zai sanyaya ta, ba shi da na'urar awon suga, wannan yasarwa ce aka sa mata sabon suna. 'Yan ajin Stanford suna da likita da magani, ajin ƙari ne a kai. Amanna da kai ba ta zama ƙwayar hawan jini.

Amma ɗaya rabin muna da shi, har mun ga amfaninsa a nahiyar nan. Da cutar ƙanjamau ta yi tsanani, masu ɗauke da ita ne suka fara ƙin a yi magana a kansu ba tare da su ba. A Cape Town, a 2001, likita Mitch Besser ya fara ɗaukar iyaye mata masu ɗauke da cutar aiki, da albashi, su zauna da masu juna biyu da aka gaya wa sakamakonsu a ranar. A lardin Tete na Mozambik, daga 2008, marasa lafiya suka riƙa haɗa ƙungiyar mutum shida, kowane wata ɗaya ya je ya karɓo wa sauran magani, su riƙa bibiyar juna. A Najeriya ma ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da cutar ta daɗe tana wannan aiki. Wato darasin Bandura ne da wata riga: mace ta ga wata irinta da ta haihu lafiya, ta yarda ita ma za ta iya.

Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa aka tsaya a ƙanjamau. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a Najeriya duk shekara. Uwar da ta raini mai sikila har ya kai shekara goma sha biyar ta san abubuwan da ba a koyarwa a aji: yadda ake gane ciwo na shirin tashi daga yanayin idon yaro, yadda ake sa shi shan ruwa ba tare da faɗa ba, yadda ake fuskantar sanyin hunturu, abin da ake gaya wa malamin makaranta, da daren da ba a jiran gari ya waye. Wannan uwa tana zaune a benci ɗaya da wadda aka gaya wa sakamakon jaririnta makon jiya, awa huɗu suna jiran kati, kuma babu wanda ya taɓa tunanin haɗa su. Wurin zama akwai, lokaci akwai har ya yi yawa, malamai ma suna kan bencin.

Ita gwaggo, amsar tuwonta daga wata maƙwabciya ta fito, wadda ta riga ta shiga suga da shekara takwas. Ta ce mata, "Yaya, tukunyar ba za ta canja ba, kwanon za ki canja." Ta nuna mata ɗan kwanon da take zuba nata, miya da yawa tuwo kaɗan, da kwaɗon zogale a gefe. Tattaki kuma suka mayar da shi zuwa islamiyya tare, maimakon hawa a-daidaita.

Da lokacin komawa asibiti ya matso, na ari dabara ɗaya daga ajin Lorig, inda ake koya wa mutum ya rubuta damuwarsa tun daga gida ya kuma faɗe ta a farkon ganawa. Na ce, "Gwaggo, me kike so ki tambaye shi?" Ta faɗi uku, na rubuta a bayan katin. Muna shiga, kafin ya ɗauki biro, ta ce, "Likita, azumi ya kusa. Ƙwayar nan da sahur zan sha ko da buɗa-baki?" Ya ɗago kai ya dube ta, ya janyo takarda ya zana mata lokutan, ya gaya mata alamun da in ta ji su dole ta karya azumin. Mun yi minti tara. Tambaya ta biyu kan ƙafarta ce da ke mata zafi da dare, ta uku kuma ko akwai wata ƙwayar da ta fi wannan araha. Ta dubi ƙofa, ta ga inuwar na bayanmu, ta ninke katin ta sa a jaka.